Launin Fuska da Sharaɗin Haɗuwa

Wanda ya saba sayen rediyo ko fanka cikin kayan da ake shigowa da su daga Sakkwato, ta Illela da Birnin Ƙonni har kasuwar Tawa, ya san sau da yawa kan wayarsu mai ƙafa uku ne irin na Ingila, alhali soket ɗin gidajen Adar zagayayyun ramuka gare shi irin na Faransa, sai mai gyara ya yanke kan ya ɗaura wani. Kayan lafiyarsu ƙalau. Abin da ya hana su aiki rashin ittifaƙi ne a kan awo.

Masu na'urar kiɗan nan da ake kira sintesaiza, wadda ake jera ta gunduwa-gunduwa cikin akwati guda, sun daɗe cikin irin wannan saɓani har ya zame musu mazhabobi. Tsarin Robert Moog na Amurka, tun 1964, dogayen fuskoki gare shi da manyan kawunan waya; Don Buchla ya raba wayar sauti da wayar umarni; shi kuwa Eurorack, wanda Bajamushe Dieter Doepfer ya fito da shi a 1995, tsawon fuskarsa milimita 128.5 ne, wutarsa bolt 12. Amma gardamar da ta fi cin lokacin wasunsu ta launi ce, domin akwai wanda ba ya jure ganin farar fuskar alminiyam kusa da baƙa, har ya kashe kuɗi ya sauya ta, ko da yake sautin ba zai ƙaru da komai ba.

Fuƙaha'u tuni suka bambance sharaɗin inganci da mustahabbi, kuma bisa wannan ƙiyasi launi ado ne, a so ko a bari. Amma wayar wutar Eurorack mai jan layi a gefe, in aka cusa ta a baibai, tana iya ƙone gunduwar komai kyawun fuskarta.

Abin da ya fi ba ni tunani shi ne, awon nan na Eurorack ba wahayi ba ne, zaɓin mutum ɗaya ne wanda da ya so da ya zaɓi wani. Sai dai da jama'a suka karɓe shi, ya zama urfi, kuma malaman Malikiyya suna ba urfi ƙarfi a cikin mu'amala matuƙar bai saɓa wa nassi ba. Saboda haka maƙerin da ya kauce wa awon jama'a ba tare da ya bayyana wa mai saye ba, a ganina ya yi algus, ko da fuskar kayansa ta zinariya ce.