Kujerar Asali da Amanar Ciniki

A 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kakuri, Kaduna. Tsofaffin 504 suna nan jefi-jefi a Tudun Wada, amma masu ɗinkin kujera sun daɗe da cire soson asali, sun lulluɓe da sabuwar leda. Shin motar farko ce har yanzu?

A Turai, mai 504 marar rufi, zanen Pininfarina da ya fito a 1969, yakan biya tsada don samun kujera irin ta masana'anta. Direban Kaduna kuwa, in dai inji na tashi, motarsa ce.

Malaman Malikiyya kuwa, ba asalin kujera ya dame su ba, sun fi damuwa da ranar ciniki, kuma da gaskiyarsu. Idan ledar ta rufe ƙarfen da tsatsa ta cinye, mai sayarwa ya yi shiru, algus ne, kuma mai saye na da damar mayar da motar.