Shin Gani Ya Kori Ji Kuwa?

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. To amma akwai wani nau'in zane da ya sa muka sake auna wannan magana. Shi ne wanda za a ce mana daji ne ko tafki, mu duba mu rasa itace, mu rasa gaɓar ruwa, sai launuka kawai suna hawan juna. Abin tambaya a nan shi ne, mai irin wannan zane gaskiya ya faɗa mana, ko kuwa yaudararmu ya yi?

Mu ɗauki misalin Joan Mitchell, Ba'amurkiyar da aka haifa a Shikago a 1925, ta rasu a Faransa a 1992. A cikin ɗaki take zanenta, daga abin da wuri ya bari a zuciyarta. Tsakanin 1983 da 1984 ta yi zane 21 da ta kira La Grande Vallée, wato Babban Kwari. Abin mamaki, ba ta taɓa sa ƙafa a kwarin ba. Wata ƙawarta ce ta ba ta labarin inda take wasa tana yarinya tare da wani ɗan'uwanta, wanda ya yi begen komawa can dab da rasuwarsa. Ita ma Mitchell ta yi rashin 'yar'uwarta a 1982.

Da a ce taswira ta yi mana alkawari, da mun ce ta yi ƙarya. Amma abin da ta ɗauki amanarsa shi ne kewa, kuma kewa ba ta ƙirga ganye. Duk wanda ya koma rafin ƙuruciyarsa ya tarar da shi ƙarami ya san haka: wanda ke zuciyarsa ya fi faɗi, kuma bai yi ƙarya ba.

Sai dai a nan ne mu marubuta ya kamata mu yi hattara. 'Yancin sauya siffar wuri na wanda ya ji abin a ransa ne. Wanda bai ji kome ba, ya tara kalmomi masu duhu don a ce ya iya, shi ne mayaudarin. Saboda haka, kafin mu siffanta garinmu a takarda, mu tambayi kanmu: me wurin nan ya bar mana? Idan amsar babu ce, gara mu ajiye alƙalami tukuna.