Wa Ke Zaɓar Abin Da Za A Bari A Taswira?

Yaron da ya ƙera motar kara ba ya iya sa mata duk abin da ke jikin motar gaske. Zai sa taya da sitiyari, ya bar inji. Duk wanda zai ƙanƙanta abu dole ya zaɓi abin da zai zubar.

Haka taswirar wayarka take. Ka matse ta da yatsu biyu, za ka ga Sakkwato ta tsaya, Danchadi da Sifawa sun ɓace. Mu masu rubuta manhaja mu ke tsara wannan: mukan jera garuruwa bisa girma, ƙanana su jira sai an buɗa. Allon waya ƙarami ne, wannan ba laifi ba ne. Laifin yana farawa ne ranar da muka ɗauka abin da bai bayyana ba ba shi da daraja.

Dubi ƙasar Bodinga. A Sifawa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815. Ƙanensa Abdullahi ya zauna a Bodinga. Gaba kaɗan ga Shagari, mahaifar wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983. Amma matafiyi a hanyar Sakkwato zuwa Jega yakan wuce nan yana gyangyaɗi.

Akwai littattafan da ke buɗa taswirar. "The Sokoto Caliphate" na Murray Last (1967) zai nuna maka yadda daula ta tashi daga ƙananan wurare irin su Degel da Gudu. "Baba of Karo" (1954) rayuwar tsohuwa ɗaya ce ta ƙasar Zazzau, kamar yadda ta faɗa wa Mary Smith, amma a cikinta za ka ga aure da bauta da zuwan Turawa. "Tafiya Mabuɗin Ilmi" na Abubakar Imam kuwa zai koya maka yadda baƙo ke lura da abin da 'yan gida suka daina gani.

Sai dai littafi ma motar kara ce, marubuci ya zubar da wasu abubuwa. Saboda haka in ka gama karatu, ka sauka daga kwalta ranar kasuwar wani ƙauye, ka gaida dattawa, ka tambayi wanda ya kafa garin. Kada ka je kamar ɗan kallo mai neman hoto. Wurin da kake kira lungu, ga wanda aka binne cibiyarsa a can, shi ne tsakiyar duniya.