Girman Mai Riƙe da Ludayi

Karatu: Ayyukan Manzanni 9:36-42

Sa'ad da Tabita ta rasu a Yafa, aka wanke ta aka kwantar a bene, aka aiki mutum biyu Lidda su kirawo Bitrus. Ka lura da abin da gwaurayen suka yi da ya iso. Ba wadda ta miƙe ta ba da tarihin marigayiyar. Kuka suke yi, suna nuna masa riguna da tufafin da ta ɗinka tun tana tare da su. Luka bai rubuta mana ko kalma ɗaya da ta fito daga bakin Tabita ba. Ɗinkinta ne ya yi mata shaida.

Ta wannan fuska Tabita ta yi dace, gama riga tana daɗewa. Akwai wata 'yar'uwarta a zamaninmu wadda aikinta ba ya kwana. Ita ce matar nan ta bayan gari, mai ɗora tukunyar da ta fi ƙarfin gidanta, domin 'ya'yan da ba ita ta haifa ba. Abin da ta dafa da safe ya ƙare kafin azahar, gobe kuma cikin nan da ta cika zai dawo mata wayam. Ran da ta kwanta dama ba rigar da za a ɗaga, sai tukunya mai baƙin gindi da ludayin da bakinsa ya cinye. Tambayar da nake so mu yi tunani a kai, ɗan'uwana mai karatu, ita ce: yaya ake girmama irin wannan mata, girmamawar da Allah zai karɓa?

Kada ka ɗauka tatsuniya nake yi maka. Ƙasarmu ta Wurno da Raba da Goronyo ba ƙasar yunwa ba ce a asalinta. Ga fadamar Rima, ga madatsar ruwan Goronyo da aka kammala tun 1984, ga shinkafa da albasa da tafarnuwa da manyan motoci ke kwasa zuwa kudu. Amma gonar da mai ita ba ya iya zuwa ba ta ciyar da kowa. A watan Yuli na 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni a ƙaramar hukumar Raba, suka kashe mutum fiye da 30, waɗanda suka tsira suka kwarara Gandi da yara a goye. Tun daga lokacin, kai ma ka sani, ƙauye nawa ne ya watse, manomi nawa ne sai ya biya 'yan daji kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe. Taimakon gwamnati da na ƙungiyoyi yakan zo, amma mota tana da ranar zuwa, cikin yaro kuwa ba ya jiran takarda. Tsakanin daren da aka gudo da ranar da buhu ya iso, dole wani ya hura wuta. A mafi yawan lokaci mace ce, kuma ba mai kuɗi ba.

Ka san aikin kuwa? Itace ya yi tsada, domin dajin da ake saro shi ya zama abin tsoro. Ga ɗebo ruwa, ga surfe, ga kuɗin niƙa. Waɗanda aka koya wa haɗa garin kunun yara suna auna mudu 6 na gero ko dawa, 3 na waken soya, 1 na gyaɗa, a soya a niƙa. Kowane mudu a nan sai an san inda zai fito. Duk wannan mai sauƙi ne in aka gwada da rabon. Ita ce take tsaye da ludayi tana duban layi, tana duban tukunya, tana lissafi a zuci. Ita ce take rage wa na gaba kaɗan-kaɗan don na baya ya samu. A tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya ƙare sabon hatsi bai nuna ba, ita ce take kallon idon yaro na ƙarshe ta ce masa ya ƙare. Mu da muke yabonta daga nesa ba mu taɓa faɗa wa yaro wannan kalma ba.

Abin da ke cikin ƙwaryar nan rai ne. A asibiti akwai wani ɗan zare mai launi da ake naɗawa a damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5. In ya tsaya a rawaya, yaro ya fara ramewa. In ya kasa santimita 11.5 ya shiga ja, tamowa ta kama shi sosai, zawo ko ƙyanda kaɗan sun isa su tafi da shi. A Sakkwato akwai asibiti guda da aka buɗe a 1999 domin cutar da likitoci ke kira noma. Sunan ya yi kama da namu na aikin gona, amma ba abin da ya haɗa su sai dai cewa inda noman ya gagara, can cutar take yawa. Daga dasashi take farawa, ta ci kunci da leɓe cikin 'yan kwanaki, kuma yaran da yunwa ta raunana take bi. Matar nan ba ta san santimita ba. Kununta ne dai yake tsare yara da yawa a rawaya, ba su gangara ja ba.

Wani mai karatun Littafi zai ce, ai Ubangiji ya koya mana a Matiyu sura 6 cewa a ɓoye sadaka, har hannu ɗaya kada ya san abin da ɗayan ya bayar. In mun yabe ta, ba mun rage mata lada ba? Wannan umarni na mai bayarwa ne. Ita aka hana busa ƙaho. Ba a ce mu mu rufe ido ba. Manzo Bulus ya umarci Filibiyawa su karɓi Abafaroditas da murna, su kuma girmama irinsa, alhali aikin mutumin shi ne ya kai wa ɗan kurkuku saƙo ya yi masa hidima har ya kusa mutuwa. A Ayyukan Manzanni sura 6 kuma, gunaguni na fari da ya tashi a ikilisiyar Urushalima a kan rabon abinci ne, domin ana tsallake gwaurayen wani ɓangare. Manzanni ba su ce a nemo duk wanda ba shi da aikin yi ba. Mutum 7 suka ce a zaɓa, masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima, aka ɗora musu hannu. Istifanas, wanda ya fara ba da ransa saboda Almasihu, daga wajen rabon abinci aka ɗauko shi. Saboda haka yabon gwani ya zama dole, ikilisiyar da ta yi shiru a kan mai ludayi kuwa ta ci bashi.

Sai dai a nan tarkon yake, kuma masu kirki ne suke faɗawa ciki. Mun san yadda muke yi. Ranar Lahadi a kira ta gaba, a miƙa mata turmin atamfa da takarda a cikin gilashi, Zumuntar Mata ta yi waƙa, a tafa, a ɗauki hoto. Sai ka ji ana cewa, “Ai ita ta daban ce, Allah ne ya ba ta wannan zuciya.” Ka saurari maganar nan da kyau. Rabinta yabo ne, rabinta kuwa takardar sallama ce da muka rubuta wa kanmu. In ita ta daban ce, to, ba laifinmu ba ne da ba mu yi kamarta ba. Mun ɗaga ta sama don kada ta tsaya kusa da mu a ga bambanci. Yakubu ya tsauta wa mutumin da ya ga ɗan'uwa tsirara da yunwa ya sallame shi da fatan alheri. Wanda ya sallami mai ciyarwa da tafi, zunubin nan ne ya yi, ya dai matsa taki ɗaya baya. Ranar Litinin za ta tashi da asuba, takardar tana rataye a bango, murhu yana jiran itace.

Akwai ma yabon da yake cutarwa. Da zarar suna ya fita, yara sukan ƙaru, hatsi bai ƙaru ba. Maƙwabcin da yake ba ta mudu guda duk mako sai ya janye, ya ce yanzu ai Turawa sun san da ita. Kuma a ƙasar da 'yan daji suke da kunnuwa a cikin gari, jita-jitar cewa wance ta sami kuɗin ƙungiya ba abin wasa ba ce. Sai kuma hoton yaran. Uwar da talauci ya sa ta turo ɗanta gidan wata da kwano ta riga ta haɗiye kunya mai yawa. Bai kamata ta tarar da fuskarsa a Facebook ba. Kafin ka ɗaga waya, ka tambayi kanka ko za ka yarda a yi wa naka haka.

Yanzu ga wadda ta fi wuya. In matar nan ba tamu ba ce fa? Mu 'yan kaɗan ne a wannan yanki, daga Kwargaba har Gandi, kuma yawancin tukwanen da nake magana a kansu a gidajen maƙwabtanmu Musulmi suke. Tun kakanni akwai matan da suke ware tuwon almajiri kowane dare kamar ɗan gida. A Kano, Fauziyya D. Sulaiman, marubuciyar littattafai da wasannin talabijin, ta shafe shekaru tana tattara taimakon jama'a domin marasa lafiya da marayu da gidajen da ba a ɗora tukunya ba, har a 2023 gwamnan jihar ya naɗa ta mai taimaka masa kan sha'anin mabukata. Shin bakinmu yana iya yabon irin waɗannan ba tare da ya ƙara “amma” ba? Ka tuna ran da Yesu ya yi wa'azi a majami'ar Nazarat. Jama'a suna jin daɗinsa, har sai da ya tuna musu cewa a zamanin yunwa akwai gwauraye da yawa a Isra'ila, duk da haka wurin wata ta Zarefat a ƙasar Sidon aka aiki Iliya. Baƙuwa ce, da ɗan gari a tukunya da ɗan mai a kwalba, ita ta ciyar da annabin Allah. Jin haka suka tashi za su jefa shi daga kan dutse. Ceto ta wurin alheri yake, ba ta wurin tukunya ba, wannan ba mu sake shi ba. Shari'ar zukata kuwa ta Allah ce. Amma godiya tamu ce, kuma wanda ya ga an ciyar da yaro ya kasa cewa madalla saboda hannun da ya bayar, ya zauna a sahun mutanen Nazarat.

In kuwa tamu ce, 'yar ikilisiya, sai mu kiyaye ta daga wata tambaya da dattawa sukan yi da kyakkyawar niyya: “Cikin yaran nan nawa ne suka fara zuwa sujada?” Ran da kunu ya zama ƙugiya, iyaye za su gane, za su janye 'ya'yansu, kuma suna da gaskiya. Ubangiji ya ciyar da mutum 5,000, ya kuma san washegari da yawansu gurasa za ta kawo su, ba shi ba. Bai hana su ci ba. A Matiyu sura 25, waɗanda Sarki ya yaba mamaki suka yi, domin ba su san shi suke ciyarwa ba. Yaro mai yunwa kawai suka gani. A bar ta ta ci gaba da ganin yaro.

To, mene ne ya rage mana? Kalmar da Ibraniyawa suke amfani da ita wajen girmamawa, tushenta ɗaya da nauyi. Bahaushe bai yi nisa da su ba: wanda kake girmamawa, nauyinsa kake ji. Sa'ad da Bulus ya ce wa Timoti a girmama gwauraye na ainihi, in ka karanta surar har ƙarshe za ka ga maganar ci da sha yake yi, da wanda za a sa a lissafin ikilisiya. Jin nauyi da ɗaukar nauyi, a bakin manzo, abu ɗaya ne. Mudu guda da ta tabbata zai zo kowace Asabar ya fi mata buhun da ya zo sau ɗaya tare da mai hoto, gama da na farkon take iya yi wa yaro alkawarin gobe. Saurayin da ba shi da ko sisi yana da kafaɗar ɗaukar jarka. Mai injin niƙa yana iya yafe kuɗin kwano biyu. Ma'aikaciyar jinyar da take cikinmu tana iya zuwa da zaren nan sau ɗaya a wata, ta ware waɗanda kunu ba zai ishe su ba a kai su asibiti. Ke kuma 'yar'uwa, da kike karanta wannan kina cewa a ranki ai ni ce, ki yarda a taimake ki. Ƙin karɓar hannu ma wani irin girman kai ne, ko da ya sa rigar tawali'u.

Bitrus ya fitar da kowa, ya durƙusa ya yi addu'a, ya miƙa wa Tabita hannu, sa'an nan ya kira tsarkaka da gwaurayen ya ba su ita da rai. Mu ba a yi mana alkawarin za a dawo mana da tamu ba. Zazzaɓin damina yana iya kwantar da ita kwana 5, kuma yaran za su zo da kwanukansu kamar kullum, su tsaya a ƙofa. Ka je wurinta cikin makon nan, ba da waya a hannu ba, ka tambaye ta wa yake hura wutar ran da ta kasa tashi. In ta yi shiru, ka faɗa mata ranar da za ka riƙa zuwa.