Duba-Gari Ya Karɓi Na Goro, To Alhakin Fa?

Duk wanda ya yi harkar hatsi a nan Ibadan, a Bodija ne ko a sito-siton cikin Sabo, ya san yadda zuwan duba-gari yake kasancewa. Yarabawa na ce masa wole-wole. Zai iso da littafinsa, ya leƙa ƙofa, ya ɓata rai, sai maigida ya ja shi gefe, a yi musabiha mai nauyi, ya sa hannu a takarda ya wuce. Mu kuma mu ce ai dama abin da ya kawo shi ke nan. Sau da yawa gaskiya muke faɗa. To amma ga tambaya, jama'a: idan wanda aka ɗora wa duba ya ci amana, shin dokar da ke hannunsa ta faɗi ke nan, mun kuɓuta?

Ni dai a ganina ba ta faɗi ba, domin ba don shi aka kafa ta ba tun farko.

Ɗauki ƙwayar Phostoxin da ake cusawa cikin buhunan wake da masara saboda ƙwaro. Da zarar ta shaƙi danshin iska sai ta fara fitar da hayaƙi mai guba wanda ido ba ya gani. Wani lokaci a ji ɗan wari kamar na tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi, wani lokaci barci ya hana a ji. Yana farawa da ciwon kai, da amai, da ƙuncin ƙirji, kuma babu wata allura da ke karya gubarsa, sai dai likita ya tallafi numfashi a jira ikon Allah. Yana bin tsagar bango da ƙasan ƙofa ya shiga ɗakin maƙwabta. Shi ya sa ƙa'ida ta ce a rufe wurin ruf, kada kowa ya kwana ciki ko kusa, sannan a buɗe iska ta ratsa sosai kafin a koma aiki. Yanzu ku faɗa mini tsakani da Allah, wa ke kwana a sito? Ba Alhaji ba ne. Yaron da ya biyo tirela daga Dawanau ne, ko ɗan dakon da bai da kuɗin haya, wanda aka ce ya kwanta nan ya yi gadi, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Shi bai ga duba-gari ba, bai san nawa aka ba shi ba, ba a yi shawara da shi ba. Mutum biyu suka yi ciniki, ran na uku aka ɗora a kan faifai.

Haka zancen jera buhuna. Mai kilo 100 ake ɗorawa har ya kusa taɓa kwano, don kuɗin hayar sito ya yi tsada, kowane taku kuɗi ne. Ranar da aka zare na ƙasa cikin gaggawa jerin ya zube a kan wani, sai a ce ajali ne. Ƙwarai, babu mai wuce kwanansa. Amma ban taɓa jin wanda aka yi wa sata a sito ya ce ƙaddara ce ya ƙi sayen kwaɗo ba. A kan dukiya mukan ɗaure raƙumi tukuna, sai a kan ran yaron wani ne tawakkalinmu ke ƙaruwa.

Na san abin da wasu za su ce, kuma ba zancen banza ba ne. Mu baƙi ne a garin nan ko da an haifi kakanninmu a Sabo. Mun sha ganin an fake da doka an tatse mu, ko an rufe rumfar Bahaushe an tsallake ta wani. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma gudu yake. Duk da haka, duba kasuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya cusa hannunsa cikin tarin abincin wani mai sayarwa, ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa an lulluɓe da busasshe, ya tsawatar masa a kan algus. Malamai suka raya wannan aiki da sunan hisba, muhtasibi na zagaya kasuwa yana duba mudu da sikeli. Ashe tun kafin gwamnati ta buga fom, an riga an ɗora mana.

Kuma ɓarnar ba ta tsayawa a bakin ƙofar sito. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa, irin sinadarin da ke cikin Sniper. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa. Turawa sun iya mayar da kaya. Mai ƙosai a bakin masallaci ba ta da na'urar gwaji, mudu take saye ta jiƙa, 'ya'yanmu su karya kumallo da shi. (Ga buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, yana shaƙe ƙwaro ba tare da ɗigon magani ba, amma sai ka ji ana kukan tsadarsa, ana mantawa da abin da ake zubawa a aljihun duba-gari duk wata.)

Abin da ya rage shi ne mu duba kanmu da kanmu. Muna da Sarkin Hausawa, muna da shugabannin 'yan hatsi, kuma in rigimar bashi ta tashi maganarsu tana da kaifi, a rana ɗaya ake hana mutum sauke kaya. Su fitar da dattawa biyu ko uku su riƙa zagayawa, musamman ranar da aka sa magani, su tabbatar babu tabarmar kowa a ciki. Kuɗin da ƙungiya ke karɓa a kan kowace mota ya isa a kama wa 'yan dako ɗaki guda su riƙa kwana.