Ibadar Wanda Aka Ɗaure wa Muƙamuƙi

Karayar muƙamuƙin ƙasa, wato ƙashin da ke ɗauke da haƙoran ƙasa kuma yake motsi wajen tauna da magana, tana cikin raunukan da faɗuwa daga babur ko harbin dabba kan jawo a ƙasar Adar, kuma ta sha bamban da karayar hannu da maɗori ke sa wa kara, domin ba a cewa ta ɗoru sai haƙoran sama da na ƙasa sun koma suna haɗuwa yadda suke tun asali. Majinyacin da ya taso daga Barmou zuwa babban asibitin Tahoua, ko aka tura shi Yamai, magani iri biyu ne a gabansa: ko a ɗaure haƙoran sama da na ƙasa da waya na mako 4 zuwa 6, yana rayuwa da kunu da madara ta tsakanin haƙora, ko a yi masa tiyata a haɗe ƙashin da siraran ƙarafan titaniyom da ƙananan kusoshi, dabarar da likitan Faransa Maxime Champy ya inganta a shekarun 1970.

Abin da kan tsaya wa mai imani a rai shi ne halaccin barin ƙarfe a jiki, da kuma ingancin sallar wanda ba ya iya buɗe baki. Dangane da na farko, Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito labarin Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙin Kulab, ya sa na azurfa ya yi wari, Manzon Allah (SAW) ya umurce shi da sa na zinariya. Idan lalura ta halatta wa namiji zinariyar da aka hana shi, to ƙarfen da babu hani a kansa ya fi cancantar halatta. Likitan Andalus Abul Ƙasim Az-Zahrawi, wanda ya rasu wajen 1013, ya bayyana ɗaure haƙora da zaren zinariya ko azurfa a littafinsa At-Tasrif.

Dangane da salla kuwa, mazhabar Malikiyya, wadda mutanen Adar ke bi, ta sanya motsa harshe a matsayin mafi ƙarancin karatu, kamar yadda ya zo a Muhtasar Halil, shi kuwa harshe yana motsi a bayan haƙoran da aka ɗaure. Kurkurar baki sunna ce a alwala, saboda haka barinta ba ya ɓata tsarki, haka nan Suratul Baƙara ta yarje wa marar lafiya ya sha azumi ya rama daga baya.

Da yake shari'a ta sauƙaƙa duk wannan, babu hujjar kiran jinkiri tawakkali, alhali ƙashin da aka bari yakan kama a karkace ko ya yi ruwa, har mai shi ya kasa tauna tuwo. Wajibi ne dangi su gaggauta kai shi asibiti, malamai kuma su kwantar masa da hankali cewa sallarsa ingantacciya ce.