Ƙarfin Inji Ko Mallakar Abin Hawa: Wanne Ya Cancanci Gabata?

Duk mai mota ko babur da yake son abin hawansa ya ƙara gudu, alhali kuɗin da ke hannunsa ba zai ɗauki nauyin gyare-gyare duka a lokaci guda ba, tilas ne ya zaɓi ɗaya daga hanyoyi biyu. Ta farko ita ce ƙara wa inji ƙarfi, wato a taɓa fistin da ringi da hanyar shigar mai da iska da kuma salansa, domin injin ya ƙona mai da yawa cikin ɗan lokaci ya tura tayoyi da ƙarfin da ya zarce na da. Ta biyu ita ce inganta mallaka, kuma abin da ake nufi da mallaka a nan shi ne iyawar abin hawa ya bi umarnin matuƙinsa, ya tsaya inda aka ce ya tsaya, ya sha kwana ba tare da ya zame ba, wanda kuma ya dogara ne a kan taya da birki da sitiyari da shokazoba, wato na'urar da ke shanye girgizar hanya ta danne taya a ƙasa. Ko da yake a zahiri wannan magana ce ta bakanike, a ƙarƙashinta akwai tsohuwar tambayar da malaman tarbiyya da masana falsafa suka daɗe suna juyawa: shin iko ne ya kamata mutum ya fara nema sannan ya koyi sarrafa shi, ko kuwa sarrafawar ce sharaɗin da sai an cika shi kafin ikon ya halatta?

Tambayar tana da nauyi na musamman a zangunan Akra, domin Nima, wadda ta fara kafuwa a farkon shekarun 1930 lokacin da Malam Amadu Futa ya sauka a wurin, da maƙwabciyarta Maamobi, unguwanni ne masu cunkoson jama'a inda lunguna suke da ƙunci, kwatami yake buɗe a gefen titi, kuma ranar Laraba kasuwar Nima takan malalo har kan kwalta ta yadda mai talla da mai turin kura da motar haya ta tirotiro suke raba faɗin hanya guda. A wannan wurin ne matasa masu yawa suke neman abinci da tuƙi, wasu a tasi, wasu a tirotiro, wasu a babur ɗin haya da ake kira okada, ko da yake ƙa'idojin hanya na shekarar 2012, waɗanda aka sani da L.I. 2180, sun haramta ɗaukar fasinja a babur don kuɗi a lokacin da aka fitar da su. Kuma a wannan wurin ne ranar Sallah ayarin babura yakan cika titi da ƙara da wasan ɗaga tayar gaba, har ya zama al'ada kafin kowace Idi a ji 'yan sanda da sarakunan zango da ofishin Babban Limamin Ƙasa, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, suna jan kunnen samari game da tuƙin ganganci. Matashin da ya tara 'yan sidinsa, wato kuɗin Gana, ya nufi Abossey Okai, babbar kasuwar kayan gyaran mota ta Akra, yana ɗauke da wannan tambaya a aljihunsa ko ya sani ko bai sani ba.

Lissafin motsi yana da amsa bayyananniya, kuma ya dace a fara da shi tun da hukunci a kan abu reshe ne na fahimtarsa. Ƙarfin da ke tattare da jiki mai gudu yana ƙaruwa ne da ninkin gudun a kan kansa, ma'ana idan gudu ya ninka sau biyu, aikin da birki zai yi kafin ya tsayar da motar ya ninka sau huɗu. Motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa, wanda shi ne iyakar gudun da dokar Gana ta yarda da shi a cikin gari, tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa guda da direba yake ɗauka kafin ƙafarsa ta kai ga birki, sannan ta ƙara kusan mita 14 kafin ta tsaya a kan busasshiyar kwalta da tayoyi masu kyau, jimilla mita 28. Wadda ke tafiyar kilomita 100 kuwa tana cinye waɗannan mita 28 ɗin gaba ɗaya kafin ma a taka birki, sannan tana buƙatar kusan mita 56 a kansu, wato a daidai wurin da ta farko ta tsaya cik a gaban yaron da ya tsallako titi, ta biyu ba ta rage ko kaɗan daga gudunta ba. A ɗaya ɓangaren kuma, ribar da ƙarin ƙarfin inji yake kawowa ba ta kai yadda ake zato ba, domin turjiyar iska tana sa ƙarfin da ake buƙata ya hau da gudu sau gudu sau gudu, ta yadda ƙara kashi 10 cikin 100 a kan ƙololuwar gudun mota yana neman ƙarin ƙarfi na kusan kashi 33 cikin 100. Bugu da ƙari, duk ƙarfin da inji ya samar yana isa ƙasa ne ta ɗan wurin da kowace taya take taɓa kwalta, wanda bai wuce faɗin tafin hannu ba, kuma ta wannan wurin ne birki da sitiyari suke aiki, saboda haka tayar da ta suɗe tana zubar da ƙarfin injin da aka kashe wa kuɗi kamar yadda take zubar da ƙarfin birki.

Tarihin tseren motoci, inda gudu ne kaɗai abin nema, ya tabbatar da wannan tsari. A gasar awa 24 ta Le Mans a Faransa, a shekarar 1953, motar Jaguar C-Type ta yi nasara, kuma babban abin da ya fifita ta shi ne birki mai faifai, wanda ba ya saurin yin zafi ya saki kamar birkin ganga na wancan zamani, don haka direbobinta suna iya jinkirta taka birki har su matso kusa da kwana a kowane zagaye. Haka nan ƙaramar motar Mini Cooper S ta lashe gasar Monte Carlo a 1964 da 1965 da 1967 a gaban motocin da suka fi ta girman inji nesa ba kusa ba, saboda rashin nauyinta da yadda take riƙe hanya a kan duwatsu masu lanƙwasa da ƙanƙara. Abin da ake fahimta daga nan shi ne, gudun da direba yake da shi a haƙiƙa shi ne wanda zai iya janyewa a lokacin da ya so, domin wanda bai amince da birkinsa ba dole ya saki totur tun da wuri, idan kuwa bai saki ba to motar ce take tafiya da shi. Idan wannan ya tabbata a filin tsere, ya fi tabbata a hanyar da ta ratsa Nima zuwa unguwar Kanda, inda miƙaƙƙen wuri bai da tsawon da babban inji zai nuna kansa kafin a tarar da mahaɗa ko tirotiro da ta tsaya ɗaukar fasinja.

Malaman tarbiyya sun riga injiniyoyi isa ga wannan matsaya ta wata ƙofa. Imam al-Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya bayyana a cikin Ihya'u Ulumiddin cewa a cikin ɗan Adam akwai ƙarfin sha'awa da ƙarfin fushi da ƙarfin hankali, ya kuma kwatanta hankali da mahayi mafarauci, sha'awa da dokinsa, fushi da karensa, ta yadda farauta ba ta yin kyau sai mahayin ya ƙware, dokin ya horu, karen ya koyu. Abin lura a wannan kwatanci shi ne al-Ghazali bai nemi a kashe doki ko a raunana shi ba, domin mahayi marar doki ba ya kama komai. Abin da ya nema shi ne horo ya riga sukuwa, kuma duk wanda ya san hawan Sallah ya san cewa ba a ƙara wa ingarma hatsi alhali linzaminsa a tsinke yake. Daga nan ne ma'abota tasawwufi, waɗanda tasirinsu yake da ƙarfi a zangunan Gana ta hanyar ɗariƙar Tijjaniyya, suka tsara cewa takhliya, wato wofintar da zuciya daga munanan halaye, tana gabatar tahliya, wato ƙawata ta da kyawawa. Hadisin da ya bayyana cewa jarumi na gaskiya shi ne mai mallakar kansa a lokacin fushi ya sanya ma'aunin ƙarfi a kan iya tsayawa, kuma wannan shi ne ma'aunin da lissafin birki ya kai gare shi.

Fiƙihu ya ƙara wa maganar wani ɓangare da falsafar tarbiyya ba ta cika tsayawa a kansa ba, wato haƙƙin wanda ba ya cikin motar. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 996, littafin da ake karantawa a makarantun ilimi daga Kano har Kumasi, an tabbatar da cewa mai kora dabba da mai janta da mai hawanta suna ɗaukar lamunin abin da ta tattaka, kuma lamuni a nan yana nufin wajabcin biyan abin da aka ɓata. Malaman zamani sun yi ƙiyasin mota a kan wannan asali, har Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, kuma direba yana ɗaukar alhakin ɓarnar da ta auku ta hanyar sakacinsa ko ƙetare iyakarsa. Idan aka haɗa wannan da ƙa'idar da ta ce kawar da ɓarna yana gaba da jawo amfani, da kuma rabe-raben Imam al-Shaɗibi, wanda ya rasu a 1388, tsakanin larura da buƙata da ƙawa, sai matsayin kowane gyara ya fito fili: birki da taya suna hidima ga tsare rai, wanda yake cikin larurori, ƙarin gudu kuwa a mafi yawan lokuta ƙawa ce, kuma ba a sayen ƙawa da kuɗin larura. Ribar ƙarfin inji tana komawa ga mai mota shi kaɗai, haɗarinsa kuwa ana raba shi da mai tallan koko da ɗan makaranta waɗanda ba a shawarce su ba.

Adalci yana buƙatar a saurari masu fifita inji, domin hujjarsu ba ta rasa tushe ba. Tirotiro mai cike da fasinja da kaya wadda injinta ya gaji, idan ta fito wuce babbar mota a hanyar Akra zuwa Kumasi, tana daɗewa a hannun masu tahowa fiye da yadda ya kamata, kuma wannan jinkirin kansa sanadin mutuwa ne. Haka nan motar da ba ta iya hawa tudu da lodi tana jefa na bayanta cikin haɗari. Sai dai wannan hujja tana tabbatar da wajabcin mayar da inji ga lafiyar da aka ƙera shi da ita, wanda gyara ne, ba ta tabbatar da ɗaga shi sama da abin da birki da ƙafafun motar aka auna su ɗauka ba. Kamfanin da ya ƙera mota ya daidaita girman birkinta da ƙarfin injinta da nauyinta, saboda haka wanda ya ƙara ɗaya ya bar sauran ya rushe ma'aunin, kuma sakamakon yakan bayyana a wuri irin gangaren dutsen Aburi, inda birkin da aka daɗe ana takawa yake zafi, man birkin da ya tsufa ya sha danshi ya tafasa, feda ta nutse ƙasa ba tare da ta kama komai ba.

Akwai kuma masu kawar da maganar gaba ɗaya da cewa kwana idan ya ƙare ya ƙare, wanda bai ƙare ba kuwa ko taya ta fashe zai fita lafiya. Imani da ƙaddara gaskiya ne, amma amfani da shi ta wannan fuska ya saɓa wa koyarwar da ta zo da shi, domin a hadisin da Tirmizi ya ruwaito an umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah, kuma aya ta 195 a Suratul Baƙara ta hana mutum jefa kansa cikin halaka. Da ƙaddara tana sauke alhaki, da shari'a ba ta ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure ba, kamar yadda aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta yi. Abin mamaki kuma shi ne mai wannan hujja ba ya amfani da ita a kan inji, domin bai taɓa cewa idan an ƙaddara zai yi gudu zai yi ko da fistin ya lalace ba; yana riƙo da sababi a inda yake so, ya jingina ga ƙaddara a inda gyara bai burge shi ba.

Wannan ya kai ga dalilin da ya sa zaɓin da hankali da shari'a suka yi ittifaƙi a kansa yake da wuyar karɓuwa, kuma dalilin yana cikin zuciya. Ƙarfin inji abu ne da ake ji ana gani: salansar da aka huda tana sanar da unguwa duka cewa wane ya iso, abokai a majalisar shayi suna juyowa. Sabon takalmin birki kuwa yana ɓoye a bayan taya, kuma lambobi huɗu da ke jikin taya, waɗanda biyun farko suke nuna mako biyun ƙarshe kuma shekarar da aka ƙera ta, babu mai duba su sai wanda ya durƙusa da niyya, ko da yake su ne suke tona asirin tsohuwar tayar da aka shigo da ita daga Turai aka goge ta ta yi baƙi kamar sabuwa. Amfanin mallaka yana bayyana ne a haɗarin da bai faru ba, kuma babu wanda ake yaba wa saboda abin da bai faru ba. Don haka wanda ya kashe kuɗinsa a kan birki ya yi aikin da ya kuɓuta daga riya, wato yin abu don idon mutane, kuma zaɓin da ke gaban matashi a shagon kayan gyara jarrabawa ce ta niyya kafin ya zama jarrabawar sanin mota.

Tsarin da ya fito daga wannan bincike yana da matakai huɗu, kuma kowanne sharaɗi ne ga na bayansa. Na farko shi ne matuƙin kansa, da horonsa da lasisinsa da hular kwanonsa idan mai babur ne, domin mota mafi kyawun birki ba ta tsayawa sai an taka. Na biyu taya da birki. Na uku sitiyari da shokazoba da daidaiton ƙafafu. Na huɗu kuma inji, a fara da mayar da shi ga lafiyarsa, sannan a ƙara masa ƙarfi gwargwadon abin da matakan farko za su iya riƙewa da abin da doka ta yarda. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan hujjoji da ya haramta son gudu, tun da shari'a ta halatta tseren dawaki da raƙuma ta kuma sanya masa ƙa'idoji da fili. Abin da suka hana shi ne a nemi gudun a titin da jama'a suke da haƙƙi a kansa, da abin hawan da mai shi ba zai iya tsayar da shi ba, kuma nauyin bayyana wannan yana kan limaman masallatan unguwa da shugabannin tashoshi da masu gareji, waɗanda maganarsu take isa kunnen matasa fiye da sanarwar hukuma.